Ranar da Na Shiga Gidan Madam da Tozo a Jaka

Na shiga ƙasar Kamaru a bayan babur, da jaka ɗaya a cinya da lambar waya ɗaya a aljihu. Sunana Sani, mutumin Tudun Wadar Zariya, sana'ata girki. Shekara goma sha ɗaya na yi ina dafa wa baƙi abinci a wani masauki, har ranar da aka rufe shi aka ce kowa ya kama gabansa. Wata bakwai na yi a zaune, ni da matata Binta da 'ya'ya mata uku. Shi ya sa da wani dillalin aiki ya ce akwai otal a Garwa da ke neman kuku, ban tsaya dogon bincike ba. Na yi wa Binta alkawari da bakina cewa ba za ta sake ganina ba sai da aiki a hannu. Ta ce in bar irin wannan rantsuwa, na ƙi, don ni mutum ne mai taurin kai.

Mai babur ɗin da ya ɗauke ni daga iyaka ya ce har cikin Garwa zai kai ni. Muka yi ta tafiya ina riƙe da ƙugunsa, har ya tsaya a wani gari mai kasuwa ya ce mun iso. Na tambaye shi ina babban kogin da aka ce akwai. Ya ce yana nan bayan kasuwa, ya juya babur ya yi ɓatan dabo. Na zagaya bayan kasuwa na tarar da jakuna uku suna cin kara. Ashe Gashiga ce, Garwa tana can gaba. Na zauna a gindin wani darbejiya na zage shi sosai, amma a zuciya, don ban san wanda ke jin Hausa a wurin ba.

Wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono ta daɗe tana kallona. Ta yi mini magana ban gane ba, na yi mata ba ta gane ba. Sai kawai ta dama fura a ƙwarya ta miƙo mini. Da na sa hannu a aljihu ta ɗaure fuska ta kaɗa yatsa. Ita ce ta koya mini kalmar Fillanci ta farko, ta yi ta cewa "Jam", wato lafiya, tana nuna bakina har na maimaita. Ita ce kuma ta tsayar mini da wata motar auduga, ta yi wa direban faɗa kamar ɗanta har ya buɗe mini ƙofa. Ban san sunanta ba, amma har yau ina sa ta a addu'a.

Garwa ta tarbe ni da zafin da ban taɓa sanin akwai irinsa ba. A Zariya muna cewa ana zafi, ashe wasa muke yi. Na kira lambar dillalin, wata mata ta yi ta yi mini bayani da Faransanci daga cikin wayar, wanda daga baya na gane cewa take yi babu wannan lamba. Na bi kwatancen otal ɗin, na kuwa same shi. Gini ne mai hawa biyu, ko rufi ba a yi masa ba, awaki ne ke shan inuwa a inda ya kamata kicin ya kasance. Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Kwana huɗu na yi ina kwana a barandar wani masallaci kusa da babbar kasuwa, kullum Binta ta kira sai in ce mata ana kan magana.

Rana ta biyar na bi ta layin mahauta, ba don in saya ba, don dai in ga abin da na sani. Wani jandarma, irin 'yan sandan can, ya tare ni yana tambayar takardu, yana magana da sauri, ni kuma ina ta ce masa "Jam". Sai na ji murya daga bayan wani teburin nama tana cewa a ƙyale shi, baƙona ne. Wani dattijo ne ƙato, mai farin gemu, da wuƙa a hannu. Ya yi wa jandarman Faransanci ya haɗa da Fillanci, mutumin ya duba fasfona ya tafi. Daga nan dattijon ya juyo ya ce daga jin yadda nake jan magana ya san ni Bazazzagi ne, kuma kakansa ma daga can ya taso da ƙafa bai koma ba. Sunansa Alhaji Bakari. Bai tambaye ni komai ba sai ko na ci abinci.

A gidan Alhaji na gane cewa ana iya gajiya da nama. Da safe romo, da rana tuwo da miyar yakuwa, wadda suke ce wa folere, nama ya fi miyar yawa, da yamma gashi. In ka ce ka ƙoshi sai Alhaji ya tambaya ko an ɓata maka rai ne. Matarsa Hajiya Dudu takan aiko mini da kwano na musamman wai na rame. Ina taya shi aiki a kwata da safe, ina ɗaukar cinyoyi zuwa amalanke, amma ni da shi duk mun san ba wannan na zo nema ba. Da la'asar nakan gangara bakin kogin Binuwai in zauna ina kallon dorina suna fito da hanci suna komawa. A nan kewar gida take kama ni sosai. Sau biyu na yi kuka a wurin, ba na jin kunyar faɗa.

Kowace safiya akwai likitan dabbobi da ke zuwa kwata, Dokta Hamadu, Bafulatani siriri mai tabarau. Shi ke duba duk saniyar da aka yanka, ya juya hanta, ya tsaga huhu, in ta yi masa ya buga mata hatimi mai shuɗin tawada. Mahauta suna tsoronsa suna kuma girmama shi, don ba a taɓa jin ya karɓi ko ƙashi daga hannun kowa ba. Wata rana Alhaji ya ja ni gabansa ya ce ga kukun da ya fi duk kukun Najeriya, alhali ko shayina bai taɓa sha ba. Dokta ya dube ni ta saman tabarau ya ce gidansa na neman mai girki, amma akwai sharaɗi. Matarsa Madam Silbi Bafaranshiya ce, shekara talatin ba ta sa nama a baki ba, kuma ba a shiga da shi gidan. Kukun da ya gabata an sallame shi ne don ya zuba romo a miya a ɓoye. Ya ce ranar Asabar 'yarsu za ta zo daga Yawunde da mijinta, in zo in yi musu abincin dare, Madam tana son kish. In ya yi mata, aiki nawa ne, har da ɗaki. Na ce masa kish ai abu ne mai sauƙi.

Ban taɓa jin sunan abin ba a rayuwata.

Wani ɗan kasuwa daga Kusiri da ke sauka a gidan Alhaji shi ya cece ni. Ya nemo bayanin a wayarsa ya yi ta fassara mini, rabi Hausa rabi Larabcin Chadi, inda ya kakare sai ya nuna da hannu. Ashe ɓawo ne ake yi da fulawa da man shanu, a shimfiɗa a faranti mai zurfi, a zuba masa haɗin ƙwai da madara da ganye da cuku, a gasa. Gidan Alhaji babu tanda irin ta Turawa, don haka na zuba yashi a babbar tukunyar Hajiya, na ɗora farantin a kai, na rufe na zuba garwashi a bisa murfi. Na farko ya fito kamar kunu, don ban matse ruwan alayyafon ba. Na biyu man ya narke tun a hannuna saboda zafin garin, ɓawon ya yi tauri. A na uku na sa ƙullin a cikin kwano na saka cikin randa ya huce, na fara gasa ɓawon shi kaɗai da busasshen wake a kansa don kada ya kumbura, sannan na zuba haɗin. Ya fito ja-ja-ja, yana ƙamshi.

Na kai wa mutanen gida. Hajiya Dudu ta ci ta ce ba laifi, ya yi kama da wainar ƙwai da ta yi karatu. Alhaji ya tauna a hankali, ya buɗe yankan da yatsa yana bincike, ya tambaye ni ina naman. Na tuna masa sharaɗin. Ya ajiye sauran ya ce wannan abincin majinyata ne, kuma shi tun da yake bai taɓa ganin wanda aka ɗauka aiki da ganye ba. Na ga damuwa ta gaske a fuskarsa. Ya riga ya ɗauke ni kamar ƙaninsa, yana ganin zan je in kunyata.

Ranar Asabar da hantsi ya dawo daga kwata da wani ƙunshi. A al'adar mahautan nan, tozon sa ba kowa ake ba wa ba, sai wanda ake so a girmama, kuma mayar da shi cin fuska ne. Ya buɗe mini, tozo ne guda, fari tas, har da shuɗin hatimi a gefensa. Ya sake ɗaure shi ya cusa a jakata da hannunsa.

"Sani, ka yanki kaɗan ka soya har ya narke, ka zuba man a cikin abin nan naka," in ji shi. "Za ta ji daɗi ba ta san daga ina ya fito ba. Sauran ka ba Dokta, ka ce daga ni."

Na ce, "Alhaji, korata za su yi."

"Yunwa ce za ta sa su kore ka. Hau mu tafi."

Na yi niyyar in ajiye shi a hanya, amma Alhaji da kansa ya goya ni a babur har ƙofar gidan, ya tsaya yana kallo. Mai gadin gidan kuwa abokin cinikinsa ne, in na bar ƙunshin a wurinsa labari zai riga ni komawa kasuwa. Haka na shiga gidan da aka haramta wa nama, da tozo a jaka, ina murmushi. Madam Silbi doguwa ce mai furfura, ba ta da yawan dariya. Ta nuna mini tanda, ta nuna firji, ta nuna agogo ta ɗaga yatsu bakwai. Tana fita na tura jakar cikin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke na rufe.

Aiki ya tafi daidai. Ga firji, ga tanda mai lamba, ga cuku na gaske. Na murza fulawa da man shanu mai sanyi da kan yatsu, na sa ƙullin ya huta. Na soya albasa, na turara alayyafo na matse shi a tsumma har ya daina ɗiga, na yanka tumatir na cire 'ya'yan. Na kaɗa ƙwai da madara. Sai na ɗanɗana haɗin. Salaf na ji shi. Mako shida ina cin girkin gidan mahauci, harshena ya lalace, komai in babu maiƙo sai in ji kamar ruwa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na buɗe kabad ɗin. Na kwance ƙunshin, na ɗauki wuƙa, na tsaya a kansa. Maganar Alhaji tana yi mini yawo a kai, ga fuskar Binta, ga ginin nan mai awaki. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da girman kai. Shekara goma sha ɗaya ina girki, a ce sai na yi wa tsohuwa sata a ciki kafin ta yaba hannuna? Na mayar da shi yadda yake. Na koma kan albasa na bar ta a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja ta yi zaƙi. Sannan na tuna da ƙullin daddawar da Binta ta cusa mini cikin kayan yajina. Na daka ɗan mitsitsi na soya tare da albasar. Da na sake ɗanɗanawa sai na ji abinci ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da na manta shi ne daddawa ba ta iya ɓuya. Ƙarfe bakwai saura na fito da kish ɗin, na kai tebur, iyali suka zauna, Dokta da 'yarsa da surukinsa. Madam ta ɗauki wuƙa za ta yanka, sai ta tsaya ta ja numfashi ta hanci. Ta ajiye wuƙar ta miƙe ta nufi kicin, ni kuma ina biye da ita kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ta buɗe tukwane, ta buɗe firji, ta duba kwandon shara. Kabad ɗin ƙasa shi ne na ƙarshe. Ta jawo jakar, ta buɗe ƙunshin a kan tebur, ta ja da baya. Ba ta yi ihu ba. Ta kira mijinta da murya ƙasa-ƙasa, ta faɗi kalmomi kaɗan, ta nuna mini ƙofa.

A lokacin na ga komai ya ƙare. Na fara tunanin da wane baki zan gaya wa Binta.

Dokta ya shigo ya dubi naman ya dube ni. Ya tambaye ni da Hausa ko na sa a ciki. Na ce ranka ya daɗe, ban sa ba. Na gaya masa gaskiya duka, yadda aka ba ni, da yadda na ɗauki wuƙa na fasa. Ya fassara wa Madam, ta girgiza kai, ta ce wancan kukun ma haka ya rantse. Dokta bai yi gardama da ita ba. Ya gyara tabarau, ya wanke hannu, ya jawo tozon ƙarƙashin fitila kamar yadda yake yi a kwata. Ya juya shi, ya bi gefensa da yatsa a hankali, ya duba hatiminsa da ya buga da safe. 'Yarsa da surukinsa sun taru a bakin ƙofa.

"Wuƙa ɗaya ce ta bi ta kan naman nan, sau ɗaya," in ji shi. "Ta Alhaji Bakari ce, shi kaɗai ke cire tozo da ja guda daga hagu. Kuma yankan ya bushe tun safe. Da an ƙara taɓa shi yau da yamma, da wurin ya nuna."

Ya maimaita mata da Faransanci. Ta dubi mijinta. Ta san shi, ta san ko don kansa ba ya yin ƙarya a kan nama. Sai ta tambaya, to warin me take ji. Na ciro ƙullin daddawar na miƙa. Dokta ya shinshina ya bushe da dariya, ya yi mata bayanin cewa 'ya'yan ɗorawa ne, itace ne zalla, kuma da shi mahaifiyarsa take yi masa miya yana yaro a Rai Buba. Madam ta karɓa ta shinshina ta yatsine fuska. Ta sa aka fitar da tozon waje, ta wanke hannu da sabulu sau biyu, ta koma tebur.

Na tsaya a bakin ƙofar kicin ina leƙe. Ta yanka, yankan ya tsaya cak, ɓawon ya yi ƙaras. Ta kai loma ta farko tana taunawa kamar mai jiran a kama ta da laifi. Ta cinye, ta miƙa hannu ta yanki na biyu. Surukin ya ci uku. Dokta kuwa ya ci nasa, ya cire tabarau ya goge ido, ya ce wai barkono ne, alhali ban sa barkono ba. Da na zo kwashe faranti Madam ta yi magana ba tare da ta dube ni ba, 'yarta ta fassara mini da 'yar Hausarta: Litinin ƙarfe bakwai na safe, in zo da daddawar, in bar jakar a gida.

Dokta ya raka ni bakin ƙofa ya miƙa mini ƙunshin. Ya ce in gaya wa Alhaji ya gode, amma mai buga hatimi ba ya cin naman da ya buga wa hatimi. Duk hanya ina tunanin yadda zan mayar wa mahauci tozonsa. Na same shi a ƙofar gida ya idar da sallar isha'i, yana jirana. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabansa. Ya buɗe ya ga ko ƙwarzane babu, fuskarsa ta canza.

"Sun kore ka ke nan."

"Sun ɗauke ni, Alhaji."

"Da ganye?"

"Da ganye."

Ya shafa gemu. Na jira faɗa. Can ya ce lalle duniya ta zo ƙarshe, ya ɗaga murya ya ce wa Hajiya Dudu a hura wuta, tunda Turawa ba su san daraja ba mu za mu ci abinmu, kuma ni zan gasa, ya ga ko na iya girkin mutane.

Kafin garwashi ya kama na koma gefe na kira Binta. Na ce mata na samu. Sai na ji tana jan hanci tana hamdala. Ta tambayi wane irin abinci na dafa musu, na yi ta kwatance, ta ce ita dai ba ta gane ba amma Allah ya yi masa albarka. Daga nan ta sassauta murya.

"To Baban Hauwa, yaushe za ka zo?"

Tun da na bar gida ba ta taɓa yi mini wannan tambayar ba, don ta san ba ni da amsa. Na ce mata da Babbar Sallah, in Allah ya kai mu, ta gaya wa yara.